Ƙwallo 26 na Osimhen da koci uku na Napoli: fashin baƙi kan musun gidan kallo

A ƙauyenmu, can tsakanin Ringim da Taura, gidan kallo ɗaya ne tal. Rumfar kwano ce da aka kewaye da zana, benci takwas, talabijin biyu, sai janareto da ake ajiyewa a baya saboda ƙara. A bakin ƙofa akwai baƙin allo inda mai gidan yake rubuta wasannin ranar da alli, wa da wa, ƙarfe nawa. Tun bara wani yaro ɗan sakandare ya mamaye kusurwar allon ta ƙasa, yana jera sunayen waɗanda suka fi cin ƙwallo a Firimiya, kowa da adadinsa, yana gogewa da gefen hannu yana gyarawa duk mako. Wannan 'yar kusurwa ta fi wasan kansa sa mutane tayar da jijiyar wuya. In aka tashi, musamman da hunturu lokacin da wasan Zakarun Turai yake kaiwa sha ɗaya na dare, ba gida ake nufa ba. Teburin mai shayi ake komawa, a can kuma magana biyu ce ba ta ƙarewa: wa ya fi cin ƙwallo, kuma wane koci ne ya kamata a kora.

Na daɗe ina sauraron wannan musu, ni ma ina tsoma baki, kuma na lura rabon da muke yi babu adalci a cikinsa. Ranar da ƙungiya ta yi nasara, ɗan wasan gaba ne gwarzo. Ranar da aka lallasa ta, koci ne bai iya ba. Muna ɗaukar su zance biyu daban, alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure su, bakin igiyar kuma yana hannun wasu mutane da kyamara ba ta cika haskawa ba. Abin da ya faru da Napoli cikin shekara uku ya isa misali.

A kakar 2022/23 Victor Osimhen, ɗan wasan gaban Napoli kuma ɗan Najeriya, ya zura ƙwallo 26 a gasar Serie A ta Italiya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya fi kowa ci a gasar, Napoli kuma ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990, zamanin Maradona. Maki 90 ta haɗa, ta ba mai bi mata tazarar maki 16. A garin nan har waɗanda ba su taɓa kallon wasan Italiya ba sai da suka koma 'yan Napoli, yara suna ɗaura baƙin ƙyalle a fuska suna kwaikwayon abin kariyar da yake sawa. Da kaka ta ƙare, koci Luciano Spalletti ya ajiye aiki. Daraktan wasanni Cristiano Giuntoli, wanda ya tattaro yawancin 'yan wasan nan, ya koma Juventus. Kim Min-jae, ginshiƙin bayan ƙungiyar, Bayern Munich ta saye shi. Osimhen yana nan bai je ko'ina ba. Amma kakar da ta biyo baya Napoli ta ƙare a ta goma da maki 53, ta yi koci uku a kaka ɗaya, Rudi Garcia da Walter Mazzarri da Francesco Calzona, shi kuwa Osimhen 15 ya ci. Rauni da tafiya gasar kofin Afirka sun cinye masa makonni, wannan gaskiya ne. Amma ko ranar da yake fili, ƙwallon ta daina iso masa yadda ta saba, da sauri, a gaban ƙafa, kafin masu tsaron baya su gama shiri.

Ci gaban labarin ya fi ɗaure kai. A 2024 aka kawo koci Antonio Conte, aka ba da aron Osimhen ga Galatasaray ta Turkiyya, a watan Janairu kuma aka sayar da Kvaratskhelia ga PSG. Taurari biyun da muka ce su ne Napoli duk sun tafi, sai ga ta ta sake ɗaukar kofin a 2025, da tazarar maki ɗaya a kan Inter. Wanda aka zaɓa gwarzon gasar a kakar shi ne Scott McTominay, ɗan wasan tsakiyar da 'yan Man U na bencin gaba suka yi shekaru suna cewa a sallama. Shi kuma Osimhen ya je Turkiyya ya sake cin 26, ya fi kowa a can. To wa za a ce shi ne sirrin? Ɗan wasan bai lalace ba, ga shaida. Ƙungiyar ma ba ta mutu da tafiyarsa ba, ga shaida.

Dare ɗaya tela ɗan Chelsea, wanda shi ne babban mai musu a teburin, ya buga kofin shayinsa ya ce, "Ni fa lamba na sani. Wanda ya fi ci shi ya fi iyawa, a daina kewaye-kewaye." Yaron allo ya ce, "To Kawu, a kakar 2024/25 wa ya fi cin ƙwallo a Turai?" Tela ya ce Mbappe, tunda shi aka ba takalmin zinare. A nan yaro ya kama shi. Mbappe 31 ya ci wa Real Madrid a La Liga. Viktor Gyokeres ya ci wa Sporting 39 a gasar Fotugal. Dalilin da na 31 ya doke na 39 shi ne takalmin zinare na Turai da maki ake lissafa shi: ƙwallo ɗaya a manyan gasanni biyar, wato Ingila da Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa, maki biyu ce, a gasanni irin na Fotugal kuwa maki ɗaya da rabi. Mbappe ya tashi da 62, Gyokeres da 58 da rabi. Su kansu masu ba da kyautar sun yarda ba duk ƙwallo ce nauyinta ɗaya ba, kamar yadda kwanon gero da kwanon shinkafa duk kwano ne amma kuɗinsu daban a kasuwar Gujungu. Wannan ne ma ya sa 35 ɗin da Ronaldo ya ci a gasar Saudiyya a 2023/24, duk da tarihi ne a can, ba su shiga wannan lissafin ba, tunda gasar ba ta Turai ba ce. Musun Messi da Ronaldo kuwa na bar wa masu ƙarfin maƙogwaro. Messi yana da 91 a shekarar 2012 kaɗai, Ronaldo yana da 140 a gasar Zakarun Turai, kowa ya riƙe nasa.

Ko a cikin gasa ɗaya ma lambar tana da ciki. Akwai bugun fenareti, wanda kusan uku cikin huɗu shiga yake yi, kuma mutum ɗaya ƙungiya take ware wa shi. Ɗan wasan da yake bugawa zai iya tara biyar ko takwas a kaka daga nan kaɗai, abokinsa da ba a ba shi ba yana kallo. Akwai kuma yawan damar da ake kawo wa mutum. Masu lissafin ƙwallo na yanzu suna auna kowane hari da wani ma'auni da suke kira xG, wato su duba daga ina aka buga, da ƙafa ko da kai, mutum nawa ne a gaba, sai su ƙiyasta sau nawa irin wannan bugun yake shiga. Da shi ake bambance wanda ake ɗora wa tuwo a baki da wanda yake ƙirƙiro ƙwallo daga inda babu. Allon ƙofarmu ba shi da gurbin wannan, sunan mutum ne kawai da lamba a gabansa.

Sannan ga tambayar da ba mu cika yi ba: yawan cin mutum ɗaya yana ƙara wa ƙungiya ci ne, ko tattara shi yake yi wuri ɗaya? A 2021/22, Manchester City ba ta da tsayayyen ɗan wasan gaba, ta ci ƙwallo 99 a Firimiya, ta ɗauki kofi da maki 93. Aka kawo Erling Haaland, ya ci 36 shi kaɗai, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a kaka ɗaya tun da aka fara Firimiya a 1992. Jimillar ƙungiyar a kakar? Ƙwallo 94, maki 89. Kada wani ya ce na ce Haaland bai yi amfani ba, domin a kakar ce City ta haɗa kofi uku har da na Zakarun Turai da ta daɗe tana nema. Abin lura shi ne ƙwallayen da a da mutum biyar ko shida suke rabawa, tsarin koci Guardiola ya karkato da su zuwa ƙafar mutum ɗaya. Harry Kane kuma ya ci wa Bayern 36 a kakarsa ta farko a Jamus, ya karɓi takalmin zinare, amma kofin ya tafi Leverkusen ta Xabi Alonso, wadda ba a doke ta ko sau ɗaya ba a gasar. Alan Shearer da yake da 260 a Firimiya, mafi yawa a tarihinta, sau ɗaya ya ɗauki kofin, a Blackburn a 1995.

Romelu Lukaku ne ya fi fito da alaƙar a fili. A hannun Conte a Inter ya ci 24 a kakar 2020/21, saboda an gina wasan a kansa, a jefa masa ya juya ya ruga da gudu. Chelsea ta saye shi da kusan fam miliyan 100, ta sa shi a tsarin da ake riƙe ƙwallo ana lalube a hankali, ya ƙare da takwas a Firimiya. Tela har yau in an ambaci sunan sai ya yi tsaki. Amma Conten nan ne ya ɗauki Victor Moses, wanda Chelsea ta yi ta bayarwa aro kamar tabarmar makoki, ya mai da shi mai kai-komo a gefen dama a 2016/17, aka ɗauki kofi da shi.

To in koci yana da wannan tasirin, me ya sa na ce korarsa ba adalci ba ce? Domin ba kullum don shi ne mai laifi ake korarsa ba, sau da yawa don shi ne mai sauƙin kora. Ƙungiya tana da 'yan wasa ashirin da wani abu, kowa da kwantiragin shekara uku ko biyar da dole a biya ko ya buga ko bai buga ba. Kasuwar saye da sayarwa sau biyu take ci a shekara, da bazarar Turawa da kuma watan Janairu. In abubuwa suka rikice a Oktoba ko Nuwamba, ba dama a taɓa 'yan wasa. Mai ƙungiya ba zai kori kansa ba. Daraktan da ya sayo 'yan wasan da ba su dace ba shi ne ma yake kai rahoto. Mutum ɗaya ya rage wanda za a iya biya diyya yau, gobe a gabatar da wani. Ga kuma kuɗin da ke kan layi: ko ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a Firimiya tana karɓar sama da fam miliyan 100 a kaka daga kuɗin talabijin da sauransu, uku kuma suke faɗawa gasar 'yan dagaji kowace shekara. Wanda yake hango wannan ramin, diyyar koci ba za ta yi masa nauyi ba.

A teburin shayi hujjar da aka fi kawowa ita ce, "Ai ka gani, suna korarsa suka fara ci." Sau da yawa haka ne, amma a duba lokacin da ake korar. Ba a korar koci sai an sha kashi huɗu ko biyar a jere, wato a daidai lokacin da komai ya taru ya lalace, rauni da jan kati da wasanni masu wuya da ƙwallon da take dukan ƙarfe ta dawo. Irin wannan ba ya dawwama, ko an yi kora ko ba a yi ba. Manomi ne ya shuka gero shekarar da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, bai samu dami goma ba, ya ce irin ne ba shi da kyau, ya sauya. Shekara ta zagayo, damina ta yi albarka, ya cika rumbu, ya shiga gari yana yabon sabon iri. Wataƙila irin ya fi ɗin. Amma daga damina ɗaya ba a gane haka.

Wani lokaci kuwa irin ya fi da gaske. Thomas Tuchel ya karɓi Chelsea a Janairun 2021 tana ta tara a teburi, ya mai da masu tsaron baya uku, raga ta daina yoyo, a watan Mayu ya doke City da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na Zakarun Turai. Wannan sauyi ne da ido yake gani a fili. Watanni goma sha biyar bayan nan sababbin masu ƙungiyar suka sallame shi.

Chelsea ce ma ta ɓata mana tunani a kan kora. A zamanin mai ƙungiyar Abramovich, daga 2003 zuwa 2022, an kori Ancelotti shekara ɗaya bayan ya haɗa kofi biyu, an kori Di Matteo wata shida bayan ya kawo kofin Zakarun Turai na farko, amma duk da haka ƙungiyar ta ɗauki Firimiya biyar da na Turai biyu. Sai 'yan Chelsea, waɗanda yawancinsu a nan Mikel Obi ne ya jawo su, suka ɗauka korar ce maganin. Abin da ba a faɗa shi ne duk kocin da ya zo, a shekarun farko, Terry da Lampard da Drogba da Cech yake tararwa, ga kuma aljihun da ba ya ƙarewa. Manchester United ta bi wannan hanyar ba tare da wannan ginshiƙin ba. Ferguson ya zo a Nuwamban 1986, bai ɗauki kofin komai ba sai 1990, bai ɗauki na gasa ba sai 1993, ya tafi a 2013 da Firimiya 13. Bayansa aka ba Moyes kwantiragin shekara shida, bai cika ɗaya ba. Van Gaal ya ci kofin FA a 2016, kwana biyu aka sallame shi. Mourinho ya zo ya tafi, Solskjaer ya zo ya tafi, aka tsawaita wa Ten Hag kwantiragi bayan kofin FA na 2024, a Oktoba aka kore shi, Amorim ya karɓa, kakar ta ƙare suna na 15. Kowannensu ya sayo 'yan wasan da suka dace da tsarinsa, ya tafi ya bar wa na bayansa su. Gida ne da magina shida suka ɗora wa bulo, kowa da zanen da ke kansa. 'Yan Arsenal kan kawo Arteta a matsayin ribar haƙuri, tunda ya ƙare na takwas sau biyu ba a kore shi ba, daga baya ya zo na biyu sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025. 'Yan adawa kuma su ce na biyun nan shi ne kofin? A nan mai shayi yakan ƙara wa tukunya ruwa, ya san ba yanzu za a tashi ba.

Wanda ya fi mana ciwo a gida ya faru. A gasar kofin Afirka da aka buga a farkon 2024, Kwaddebuwa mai masauƙin baƙi ta sha kashi a hannunmu da ci ɗaya, Equatorial Guinea ta zuba mata huɗu, aka kori koci Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa. Ba don Maroko ta doke Zambiya ba, da sun fita tun a rukuni. Emerse Fae ya karɓi riƙon ƙwarya, suka fitar da Senegal a bugun fenareti, suka fitar da Mali da mutum goma a ƙarin lokaci, suka zo suka ci Najeriya biyu da ɗaya a wasan ƙarshe a Abidjan, bayan Troost-Ekong ya fara ci mana. Ran nan ko shayin ba a sha ba. Masu son kora suna kafa hujja da wannan, ni kuma in tuna musu da wasan Maroko da Zambiya, wanda babu hannun Fae a ciki. A gasar nan wanda ya fi kowa ci shi ne Emilio Nsue da biyar, kuma ƙasarsa tun zagaye na biyu ta koma gida. Osimhen ɗaya tak ya ci, amma duk wanda ya kalla ya ga yadda ya hana masu tsaron baya sakat tun daga wasan farko har na ƙarshe.

A gasarmu ta gida lissafin ya ƙara wani salo. Yawancin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, Kano Pillars da Jigawa Golden Stars duk haka, saboda haka kujerar koci tana motsi da sauyin shugabanni kamar yadda take motsi da sakamako, kuma an saba jin an ba koci wa'adin wasa uku ya gyara ko ya kama gabansa. Shi kuma wanda ya fi cin ƙwallo ba ya daɗewa. Ahmed Musa ya ci wa Pillars 18 a kakar 2009/10, ya fi kowa, a shekarar ya wuce VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA Moscow, daga nan Leicester a 2016. Sai Masu Gida kuwa, wato Pillars, bayan tafiyarsa ne suka jera kofi uku, 2012 da 2013 da 2014. A Leicester ɗin ma yana cikin ƙungiyar lokacin da aka kori Claudio Ranieri a Fabrairun 2017, wata tara bayan ya ɗauki kofin Firimiyar da ba wanda ya taɓa mafarkinsa.

Makonni kaɗan da suka wuce, ana shirin buga fenareti a minti na tamanin da wani abu, janareton gidan kallonmu ya yi tari biyu ya mutu. Rumfa ta kaure da ihu, kowa yana zagin yaron da yake kula da shi, wani har da jifa da ledar ruwa. Mai gidan ya fito da tocila yana ba da haƙuri, ya ce daga yau ya sallame shi, ya kawo ɗan ƙanwarsa. Da safe na gan shi a kan babur ya nufi Ringim da janareton ɗaure a baya, ya dawo da sabon fulogi da jarkar man da ya saya a wani wuri daban. Tun ranar wuta ba ta ƙara ɗaukewa ba. Jiya da dare na ji tela yana ce wa mai gidan, "Alhaji, wannan sabon yaron naka ya san inji, ka riƙe shi da kyau."